Ramin da Muka Cike wa Baba Pam

Tun da muka dawo daga Filato ban huta ba. In na zauna a shago tambaya, in na fito daga masallaci tambaya, ko wurin mai shayi ba a bari in kurɓa: “Sakatare, wai da gaske kun je kallon ƙwallon masu kuɗi?” “Wai da gaske Alhaji Mudi ya riƙe shebur?” To, bakina ya gaji. Ga shi nan na rubuta tun daga fari. Wanda ya ƙara tambayata sai in miƙa masa takarda, in bai iya karatu ba ya nemi ɗansa.

Bari in fara da abin da ya tashe mu, don ba yawon buɗe ido muka je ba. Mu da kuɗin taki ma ke gagararmu, ina mu ina yawo? Garinmu yana nan kusa da Lakwaya, kuma fili ɗaya gare mu na kowa da kowa. Nan muke sallar Idi, nan samari ke ƙwallo, nan ake shanya dawa da kaka. Gonar mahaifina ce, Allah Ya jiƙansa, shi ya ba gari ita kyauta ya ce a riƙa sallah a kai. Shekara huɗu ke nan zaizaya ta kama filin ta arewa. Kowace damina sai ruwa ya gutsuri rabonsa ya wuce, har ramin ya kai inda in mutum ya shiga ba a hango hularsa. Idin bara sai da muka rage tsawon sahu, don na gefen hagu sun kusa aukawa ciki.

Mun rubuta takarda mun kai wa hukuma har sau uku, amsar ɗaya ce: babu kuɗi, kowa ya tsuke bakin aljihu. Sai Alhaji Mudi, babban mai sayen hatsi na garinmu kuma ma’ajin ƙungiyar ci-gaban gari, ya kawo shawara a yanka abin da ya saura fuloti-fuloti a sayar tun yana da daraja, a koma yin Idi a filin makaranta. Ba mugu ba ne Alhaji, lissafi ne ya yi masa yawa. Aka sa ranar Juma’a ta sama za a zauna a yanke magana. Ni ne sakataren ƙungiyar, wato ni zan rubuta takardar sayar da gonar ubana da hannuna. Wallahi ko abinci daina yi mini daɗi ya yi.

Ina cikin wannan hali Malam Bulus ya shigo shagona sayen maganin ƙwarin wake. Malamin lissafi ne a firamaren garinmu, mutumin Filato, ya daɗe a cikinmu har ’ya’yansa ba su san wani gari ba sai namu. Ya dube ni ya ce, “Sakatare, ramin nan naku ai jariri ne. A garinmu akwai filin golf na hukumar gari, ramin da ya ci shi ya ninka naku. Su ma an ce musu babu kuɗi. Amma je ka ga filin yau.”

Na ce, “Mene ne kuma golf?”

Ya ce, “Wata ’yar ƙwallo ce kamar ƙwan zabo. A buge ta da sanda, a bi ta a ƙafa, har a jefa ta a ɗan rami.”

“Manya da hankalinsu?”

“Manya da tumbinsu ma.”

A daren ban tsaya wata-wata ba na yanke shawara sai na je, gani ya kori ji. Da na gaya wa Alhaji Mudi sai ya ce, “Zan bi ka, don kada ka dawo ka shara mana ƙarya. Kuma in ji yadda masara take a Saminaka.” Mutanen gari kuwa cewa suka yi mun haukace. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari’a ba, kowane ɓangare zaman ɗar-ɗar yake da ɗan’uwansa, ga mu za mu kwashi ƙafa mu tafi inda ba a san mu ba. Malam Bulus ya ce, “Ni shekara nawa ina kwana a cikinku? Ku ma ku zo ku kwana biyu a cikinmu mana.” Wannan magana ita ta rufe bakin kowa.

Ranar Litinin da sassafe ni da Alhaji da Malam Bulus muka hau mota a tashar Gwarzo, mata a baya maza a gaba, yadda sabuwar doka ta ce. Alhaji ya riƙo tsarabar gero da kuka da wata ƙatuwar ledar daddawa, ya ce ba zai shiga gidan mutane hannu rabbana ba. Ko Kabo ba mu gama wucewa ba taya ta yi bindiga. Direba ya fito da safaya, na duba na ga ta fi tafin hannuna sulɓi. Na ce, “Malam, da wannan za ka kai mu Kano?” Ya ce, “Da ita na kai waɗanda suka fi ka.” Raina ya ɓaci, amma ya kai mu ɗin.

A Kano muka sake mota. Sai da muka yi awa guda ana cinikin mai da ’yan bumburutu, don gidajen mai duk a rufe suke, sannan muka kama hanya. Hira ake ta yi har muka shiga dajin Falgore da ya yi ƙaurin suna wajen ’yan fashi, nan fa kowa ya haɗiye harshensa. Direba ya take mota, Alhaji ya zaro carbi yana ja kamar zai tsinke shi. Wani abu ya gilma a gefen titi, wata tsohuwa a baya ta saki salati, ashe birai ne. Ni ma dai ba zan ɓoye ba, sai da na taya ta salatin.

Muna fita daga dajin muka tarar da shinge a kan iyakar jiha. Wani jami’i ya leƙo ta taga, ya ja hanci, ya ce, “Me ya mutu a motar nan?” Kowa ya juya ya dubi Alhaji. Aka kwance leda, daddawa ta yi sallama. Jami’in ya sake jan hanci, ya ce da Hausar Katsina tsantsa, “Alhaji, wata na bakwai ban sha miyar da aka sa wa wannan ba.” Alhaji ya ɗebo masa dunƙule biyar, ya bi mu da addu’a har muka ɓace. Ba mu yi nisa ba direba ya laluba ƙarƙashin kujera ya zaro kaset ɗin da ya ɓoye tun daga Kano, ya saki kiɗa. Wata mata ta ce a tsaya ta dawo kusa da mijinta. Alhaji ya ce, “A’uzu billahi, mun fito daga gida.” Na duba ƙasa na ga babbar yatsar ƙafarsa tana bin kiɗan. Ban ce komai ba sai yanzu.

A Saminaka aka tsaya sallah da cin abinci. Alhaji ya shige kasuwa tambayar masara, sai da na je na janyo shi da hannun riga direba yana ta zabga hon. Daga nan hanya ta fara hawa. Kunnuwana suka toshe, iska ta sauya, ga duwatsu an ɗora wani kan wani kamar da gangan. Ni da ban taɓa wuce Zariya ba, kaina na waje ta taga kamar ɗan ƙauye, kuma ɗan ƙauyen ne.

Da la’asar muka sauka gidan yayar Malam Bulus, ana kiranta Mama Kaneng, mai sayar da dankalin Turawa. Gaisuwarsu gajera ce. “Sannunku, yaya hanya?” Shi ke nan! Ni na ɗauko tawa tun daga gajiya, iyali, damina, ban kai ga dabbobi ba na ga har ta shige ta kawo ruwa. Na ce a raina, yau mun shigo inda ba a son baƙi. Ashe ni ne ban san komai ba. Da muka shiga ɗakin da ta gyara mana, sai ga buta biyu sababbi ful, ga tabarma sabuwa, ga kuma wata kibiya da aka zana da alli a jikin bango. Malam Bulus ya ce alƙibla ce, ta je ta tambayo wani mahauci Musulmi a kasuwa ya zo ya nuna mata. Muna cikin kallon kibiyar ta dawo da zakara a hannu ɗaya, wuƙa a ɗaya, ta ce, “Alhaji, yanka da kanka, don ka ci da kwanciyar rai.” Tun daga Gwarzo abin da ke cin Alhaji ke nan, me zai ci a garin nan. Ya karɓi wuƙar da hannu biyu, ya fita da zakaran.

A kan tebur ɗaya muka ci, da ita da mijinta da mu, abin da ba a yi a wajenmu. Ta yi gwaten acca da ganye da yalo, ta zuba daddawar Alhaji a miyar zakaran. Na ci har na ji kunya, na kuma ƙara. Sanyi kuwa, kada ku tambaye ni. Bargo uku na lulluɓa, ruwan alwalar asuba kamar reza.

To, yanzu ku gyara zama, ga inda abin ya faru.

An ce mana sai ƙarfe tara za mu ga mai kula da filin, wani dattijo Baba Pam. Amma manomi ya yi sallar asuba ya koma barci? Malam Bulus na ta minshari, ni da Alhaji muka ce bari mu ɗan taka. Filin yana bayan gidan, shingen ƙerana kawai ya raba su. Muna leƙawa na ce, “Allahu Akbar!” Ciyawa shimfiɗe har iya ganinka, an aske ta kamar kan ango, ga itatuwa jere, ga ’yan tutoci nan da can. Alhaji ya tsuguna ya shafa ya ce, “Wannan abincin shanu aka bari ƙatti na takawa? Kai, duniya da mai ido a tsakar ka.”

Muka yi gaba kaɗan. Kusa da wata tuta, a gefen gangare, sai ga rami. Faɗinsa ya kai ɗaki, bakinsa a tsaye, cikinsa farin yashi. Muka tsaya cak, muka dubi juna.

Na ce, “Alhaji, ka gani?”

Ya ce, “Na gani. Haka tamu ta fara. Wallahi haka ta fara, da yashin nan a ciki.”

Ku da kuka san zaizaya kun san ba ƙarya muka yi ba. In ka ga ƙasa ta rufta a gangare, yashi ya kwanta a ciki, damina ɗaya ta isa ta mai da shi kwazazzabo. Na ce, “Bayin Allah ba su lura ba.” Can gefe muka hango wata rumfa, ga baro ga shebur biyu, ga tulin jar ƙasa da duwatsu. A garinmu in ka ci tuwon mutum ka ga katangarsa ta zube, ba ka jira ya roƙe ka. Alhaji ya tuna buta, ya tuna zakara, sai kawai na ga ya tuɓe babbar riga ya rataye a jikin tuta. Mutumin da rabonsa da shebur tun kafin ya je Makka!

Muka yi aiki na tsakani da Allah. Duwatsu a ƙasa, jar ƙasa a sama, muka bi muka tattake. Har ciyawa na yanko daga gefe na dasa a kai don kada a ga tabo. Kafin rana ta yi zafi rami ya zama labari. Muka zauna muna haki muna yaba wa kanmu. Alhaji ya ce, “Ko yanzu muka tafi mun biya zakara.”

Sai ga Malam Bulus tafe da wani gajeren tsoho mai kwat da takalmin ruwa. Tsohon ya zo daidai wurin ya tsaya. Ya dubi tuta da rigar Alhaji a kai, ya dubi ƙasa, ya waiga kamar mai neman akuyarsa. Sannan ya cire hula ya faɗi wata magana da yarensu. Malam Bulus ya ɗora hannu biyu a ka.

“Sakatare, me kuka yi?”

Na ce, “Ɗan taimako ne, ba sai an gode ba.”

“Inna lillahi!” Malam Bulus ne fa da salati, zama da mu ya koya masa. “Da gangan aka haƙa shi! Tarko ne na ƙwallo, don wasan ya yi wuya. Wannan ne Baba Pam, kuma ramin nan shi ne aikinsu na bana gaba ɗaya. Ranar Asabar za a buɗe shi.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, rashin sani ya fi dare duhu. Alhaji kuwa borin kunya ya kama shi, ya ce, “Yanzu ku da hannunku kuka haƙa rami a fili mai lafiya? Mu muna can rami na neman cinye mana masallaci, ku kuna nan kuna kiwon nasa?” Da ya ga idon tsohon ya kawo ruwa sai jikinsa ya yi sanyi, ya sa hannu a aljihu ya ce, “Baba, yi haƙuri. Faɗi abin da aka kashe in biya.”

Baba Pam ya mai da hularsa, ya ce da Hausarsa mai taushi, “Alhaji, kuɗi ba ya kwana a filin nan. Yashin nan daga rafi mai nisa aka kawo shi, ciyawar shekara guda muka sayar muka saye shi. Yana nan a ƙarƙashi, bai je ko’ina ba.” Ya ɗauki shebur ya miƙa masa.

Haka muka tono abin da muka binne. Cikewa awa biyu, tonowa yini biyu, don sai da muka tace yashin da raga, kwano-kwano, a raba shi da jar ƙasa. ’Yan wasa na wucewa da sandunansu suna mana sannu da aiki, wasu na danne dariya wasu ba su iya ba. Wata likita mai wando ta bugo ƙwallo ta faɗo gaban Alhaji, ya ɗauka da ladabi ya bi ta ya miƙa mata. Baba Pam ya ce, “Alhaji, don Allah kada ka ƙara taimakon kowa a filin nan.”

Amma wallahi ban taɓa yin wahala mai riba kamar wannan ba, don tsohon yana tare da mu yana tacewa yana ba mu labari. Da azahar ya ce mu shiga ɗakin taronsu mu huta, Alhaji ya hango kwalaben giya ta taga ya ce shi nan gindin bishiya ya ishe shi. Baba Pam bai ji haushi ba, ya ce to mu zo rumfarsa. A jikin bangon rumfar akwai wani allon katako da aka rubuta layi goma sha biyar da fenti, an soke shida.

Ya ce, “Kowane layi shekara ɗaya, kowace shekara aiki ɗaya. Ba a tsallake layi, ba a haɗa biyu. Shugabanni sun sauya sau nawa, kowa ya zo da nasa buri, sai in kawo shi nan in nuna masa allo.”

Layin farko, jibge duwatsu a kan ramin, inda ruwa ke faɗowa. Na biyu, dasa ciyawar jema da gora. Na uku, yanka wa ruwa hanya. Haka har na bakwai, ramin yashin da muka yi wa aika-aika. Na tambaye shi me ya sa wurin da tuta take ba ciyawa, sai wani baƙin yashi sumul. Ya ce yashi ne aka kwaɓa da baƙin mai, ana jan buhu a kai a daidaita shi, don ciyawar wurin tana son ruwa kullum, su kuwa ba su da shi tukuna. Ya nuna layi na goma sha biyu: janyo ruwa daga kududdufin da masu haƙar kuza suka bari.

Alhaji ya ce, “Duk na ji. Kuɗin fa? Allo ba ya haihuwar kuɗi.”

Baba Pam ya ce hukumar gari albashin mutum biyu kawai take iya biya. Sauran, ciyawar da suke yankewa suke tarawa su sayar wa masu kiwo da rani, ɗakin taro su ba masu biki haya, ’yan wasa su kawo ɗan abin da suka yi alkawari. “Amma ba wannan ne sirrin ba. Zo ka gani.” Ya zaga da mu bayan rumfa. Sai ga bututun ruwa a jere an lulluɓe da kwano, ga tulin dutse, ga waya.

“Na layi na goma sha biyu ne. Ranar da kuɗi ya shigo, a satin nake mai da shi kaya. Naira narkewa take kamar ƙanƙara a hannu. Bututu ba ya narkewa, kuma ba mai sa shi a aljihu ya tafi da shi gida.”

Alhaji ya tsaya da shebur a hannu. “Tsaya, Baba. Kana nufin ka sayi abin da ba za ka taɓa ba sai nan da shekara biyar?”

“Da arha na saya. Je ka tambayi kuɗinsa yau.”

“Kai! Ai wannan sana’ata ce! Saye da kaka, a zuba a rumbu, a jira bazara!” Ya juyo kaina kamar ni na yi masa laifi. “Sakatare, shekara huɗu kuɗin ƙungiya na kwance a akwatina suna ramewa, ko buhun gero ɗaya ban taɓa yi wa haka ba!”

Da yamma Baba Pam ya kai mu inda ramin nasu yake a da. Na ce, “Ina yake?” Ya ce, “Kana tsaye a kansa.” Wani ɗan kwari ne mai sauƙin gangara, jema ta riƙe gefensa da saiwa, gora ta yi duhu, sai can ƙasa kake hango kan duwatsun layin farko. Ya ce da can in ka tsaya a ciki ba ka ganin rufin coci. Na tsuguna na damƙi jemar nan na ja, ko motsi. Sai mahaifina ya faɗo mini a rai, ranar da ya tsaya a gaban dattawa ya ce a yi sallah a gonarsa. Hawaye suka zubo mini, ban kuma ɓoye ba.

Alhaji ya dubi tsohon, ya ce, “Baba, kana ganin za ka kai layin ƙarshe?”

Ya ce, “Allon zai kai.”

Kafin mu taho sai da ya ba ni sanda in gwada. Na kai duka uku, ƙwallo na nan zaune tana kallona, ƙasa kawai nake ɗebowa. Ya karɓe sandarsa ya ce in bari haka, noma ya bi jikina. Ya cika mana buhu da saiwar jema, Mama Kaneng ta haɗa mu da dankali da acca, muka kamo hanya ran Alhamis.

Abin da ya dame ni a dawowa, Alhaji bai ce uffan ba. Muka wuce Saminaka ko kallon masara bai yi ba. Na ce, “Alhaji, gobe fa taro, me ka gani?” Ya ce, “Bayana ke ciwo.” A Gwarzo ya sauka ya ce yana da uzuri, in wuce gida. Na ce shi ke nan, ɗan kasuwa ya koma lissafinsa.

Ranar Juma’a bayan la’asar gari ya taru a bakin filin. Na zo da allona na katako, layi goma: dutse, jema, hanyar ruwa, har zuwa katanga. Na ce kowane gida ya ba da kwano ɗaya na dawa da kaka, a ajiye a sayar da bazara, a satin a mai da kuɗin kaya. Ciyawar filin ma a daina barinta a banza. Ban rufe baki ba aka taso mini. Wani ya ce, “Shekara goma? Wa ya san gawar fari?” Wani ya ce don gonar ubana ce nake wannan haƙilo. Har na hango mutum biyu suna auna inda fulotinsu zai faɗa da taku. Na ce, “E, gonar ubana ce, amma goshin ubanninku ne ya taɓa ƙasar nan!” Aka yi caa, mai gari na ta ba da haƙuri. Aka ce ina ma’aji, shi ya kawo maganar sayarwa, a jira shi ya zo a rubuta. Na duba ko’ina ba Alhaji.

Sai muka ji ƙugin mota ta bayan gari. Tifa ce, tana tafe tana rangaji, ta ratsa ta gefen jama’a ta nufi arewa, ta juya baya daidai inda ruwa ke faɗawa ramin. Ta ɗaga, duwatsu suka zube da ƙarar da ta tashi tsuntsaye. Ƙofa ta buɗe, Alhaji Mudi ya sauko yana dafe da ƙugu.

Ya ce, “Jama’a, na janye maganata. Wannan lodin daga aljihuna ne, layin farko ke nan. Kuɗin ƙungiya da ke hannuna, in kun yarda, kafin wata Juma’ar sun zama dutse. Wanda ke son fuloti ya zo ya kwashe waɗannan tukuna.”

Mai gari ya dubi dattawa, dattawa suka dubi tulin dutse, ba wanda ya ƙara ambatar sayarwa. Malam Bulus na can gefe da buhun jema yana dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa ina juyowa sai na ga Alhaji ya tuɓe babbar riga ya rataye a kan allona.

“Sakatare, bar kallona, miƙo shebur. Wannan ramin dai in na cike shi, ba tsohon da zai sa ni in tono.”